Ƙoƙon Kai da Wuya: Yadda Za Ka Koye Su da Yatsunka

Ƙasusuwan kan babban mutum 22 ne, na wuya 7. Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilimin jikin ɗan Adam a Damagaram, ko a makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP ko a sashen kiwon lafiya na Jami'ar André Salifou, ya san waɗannan lambobi, kuma zai jero maka sunayen da Faransanci ba gargada. Inda gizo ke saƙar shi ne a ce masa ya ɗora yatsa a wurin da ƙashin ya fi rauni. Aikin wannan jagora ke nan. Ba sai da gunkin roba ba. Kanka, madubi, kofin ruwa, da ɗan'uwan da zai yarda ka taɓa wuyansa, sun isa. Kuma ba don ɗalibai kaɗai aka rubuta ta ba, domin ɗan kabu-kabu da mai shago a bakin titi su ne ke fara isa kan wanda ya faɗi, tun likita bai ji labari ba.

Mataki na 1: Fara da kwanon ƙwaƙwalwa

Wanke hannu, cire hula ko ɗankwali, ka zauna gaban madubi. Daga cikin ƙasusuwa 22, guda 8 ne suka kewaye ƙwaƙwalwa, 14 suka gina fuska.

Ɗora tafinka a goshi. Wannan ƙashi ɗaya ne, ya taso daga gira ya haura har ya wuce inda gashi ya fara, kuma shi ne rufin kwarmin ido. Matsa sama zuwa tsakar kai, inda mai tallar fura ke ɗora gammo. A nan ƙasusuwa biyu ne masu faɗi, na dama da na hagu, suka haɗu a tsakiya. Gangara baya har ka ji wani ɗan tudu a ƙeya, daidai inda kai ya ƙare dokin wuya ya soma. Wannan ƙashin ƙeya ne. A ƙasansa, inda yatsa ba ya kaiwa, akwai babbar kafa wadda ƙwaƙwalwa ke zarcewa ta cikinta ta zama laka. Sai ka kai hannu bayan kunne, ka ji wani dunƙule mai tauri. Ɓangare ne na ƙashin kunne, ɗaya a kowane gefe, kuma a cikin wannan ƙashi ne duk kayan ji da na daidaita tsayuwa suke, har da ƙananan ƙasusuwa uku na cikin kunne waɗanda ba a lissafa su cikin 22 ɗin.

Mun sami shida ke nan. Sauran biyun suna can gindin kwanon. Ɗaya, sfenoyid, ya kwanta a tsakiya ya miƙa fukafukai zuwa gefe biyu. Ɗayan, etmoyid, yana tsakanin idanu a saman kogon hanci, kuma rufinsa cike yake da ƙananan huji inda jijiyoyin jin ƙamshi ke bi. Ka riƙe shi a ranka, zai dawo mana.

Ƙasusuwan nan ba sa motsi. Bakinsu mai haƙora-haƙora ne, sun shiga juna kamar ɗinkin ƙwaryar da ta tsage. In kana son ganin ɗinkin da idonka, kada ka yar da kan rago bayan an cinye farfesu. Wanke shi, busar da shi, ka duba layukan da suka karkace a samansa, ka leƙa babbar kafar laka. Za ka ga ta rago tana kallon baya, ta mutum kuwa tana kallon ƙasa, saboda mu a tsaye muke ɗauke da kai.

Mataki na 2: Nemo wurin da ya fi rauni

A nan nake so ka daɗe. Ɗora yatsa a ƙashin da ke gefen idonka ta waje, ka ja baya wajen kunne misalin faɗin babban yatsa, sannan ka ɗan haura. Cije haƙora. Za ka ji tsoka ta kumbura ƙarƙashin yatsanka, ita ce mai ɗaga muƙamuƙi in ana tauna. A ƙarƙashin wannan tsoka ƙasusuwa huɗu suka haɗu: na goshi, na tsakar kai, na kunne, da fiffiken sfenoyid. Ƙashin wurin siriri ne, kuma ta cikinsa wata jijiyar jini ta manne tana hawa.

Ga abin da ke faruwa in sanda, dutse ko bakin kwalta ya sami wurin. Ƙashin ya tsage, ya yanki jijiyar. Jini ya fara taruwa tsakanin ƙashi da tantanin waje da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum na iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, har ya yi ta ba mutane haƙuri cewa ba komai. Amma kwanon babban mutum ba ya buɗewa, jinin kuwa ba shi da mafita, sai ya yi ta danne ƙwaƙwalwa. Bayan sa'a ɗaya ko ƴan sa'o'i ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi, baƙin tsakiyar ido ɗaya ya buɗe fiye da na ɗayan. Wannan jini tiyata ke fitar da shi, kuma wanda aka kai da wuri yakan warke sarai. Saboda haka wanda aka buga a nan, ko ya ce lafiya lau yake, ba a barinsa ya je ya kwanta shi kaɗai a ɗaki.

Shi ya sa ma hular kwanon da ta rufe tsakar kai kawai ta bar gefen kunne a fili rabin aiki take yi, wadda ba a ɗaure igiyarta ba kuwa tun kafin kai ya taɓa ƙasa ta yi nata wuri.

Mataki na 3: Fuska

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Taɓa karan hanci: samansa ƙasusuwa biyu ne ƙanana, ƙasansa guringuntsi. Taɓa tudun kumatu, ka bi shi baya zuwa kunne, za ka ji ya zama siririyar gada. Haƙoran sama suna dashe a ƙasusuwa biyu da suka haɗu ƙarƙashin hanci, su ne kuma mafi yawan ganɗa. Haƙoran ƙasa suna kan muƙamuƙi, wanda shi kaɗai ne ke motsi a duk ƙasusuwan 22. Sa yatsa a gaban kafar kunne, ka buɗe baki ka rufe, za ka ji gaɓarsa tana zamewa gaba tana komawa. Ita ce ke gocewa wa wasu in sun yi hamma mai ƙarfi, baki ya ƙi rufuwa. A mayar da ita a asibiti, ba da mari ba.

Ƙasusuwan goshi da na gefen hanci suna da kogo mai iska a ciki. In ƙurar hunturu ta kawo mura, kogunan suka toshe, shi ne kake jin goshi da kumatu sun yi nauyi, musamman in ka sunkuya.

Mataki na 4: Maɗigar jariri

Nemi izinin uwa, ka sa ta zaunar da yaron a cinyarta lokacin da ba ya kuka. Shafa tsakar kansa a hankali da tafin yatsu. Za ka ji wani wuri mai taushi, mai kusurwa huɗu, wani lokaci har yana bugawa. A nan ƙasusuwan ba su gama haɗuwa ba, don kai ya iya matsewa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Akwai wata ƙarama a baya wadda ke rufewa cikin wata biyu zuwa uku. Ta gaba takan rufe tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wani yaron har ya kusa biyu.

Maɗiga mai lafiya daidai take da sauran kai, ko ta ɗan lotsa kaɗan. In ta faɗa ciki sosai ga yaro mai gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Abin da ake shafawa a kanta ba ya mayar da ruwan. Nono, ruwan gishiri da sukari na fakiti, da tafiya asibiti su ne magani. In kuwa ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, to a yi zaton sanƙarau har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Mu a nan ba baƙon ciwo ba ne. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke tashi a watannin rani, kuma daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 an sami fiye da mutum 500 da suka kamu a jihar Damagaram. Ciwon yana kama tantani uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa suka gangara tare da laka cikin wuya. Shi ya sa wuyan ke sanƙarewa: in ka nemi babba ya kai haɓa ƙirji, tantanin da ya kumbura yana jawuwa, sai tsokoki su ƙi. Ga jariri wannan alama sau da yawa ba ta bayyana, maɗiga ce ke magana.

Mataki na 5: Ƙasusuwan wuya

Sunkuyar da kai, ka shafa dokin wuya daga sama zuwa ƙasa. Ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya shi ne yawanci na bakwai. Daga shi ake ƙirgawa sama. Bakwai ɗin nan ba namu kaɗai ba ne: rago bakwai gare shi, raƙumi bakwai, har raƙuman dawa na Kure duk tsawon wuyansu bakwai ne, tsayi kawai kowane ƙashi ya ƙara.

Biyun sama dabam suke. Na farko, atlas, zobe ne kawai, a kansa ƙashin ƙeya ya zauna, kuma a wannan gaɓa kake gyaɗa kai in ka amince. Na biyu, aksis, yana da wani tsinke da ya miƙe sama cikin zoben, atlas yana juyawa a kansa. Kusan rabin waiwayen da kake yi dama da hagu a nan yake faruwa. In kan ragon nan ya zo da guntun wuya, haɗa biyun ka juya su a hannunka, za ka fahimta fiye da kowane zane.

Ta tsakiyar ƙasusuwan bakwai laka ta bi. Ta ƙananan huji a gefensu kuma jijiyoyin jini biyu suke hawa su shiga kai ta babbar kafa, su ciyar da bayan ƙwaƙwalwa. Daga lakar wuya jijiyoyi takwas ke fita kowane gefe. Na ƙasa su ne ke tafiya hannu, shi ya sa matsalar wuya kan zo wa mutum da mutuwar yatsu ko zafi mai sauka har gwiwar hannu. Na uku, na huɗu da na biyar kuwa su ke ba da jijiyar da ke motsa tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki. In laka ta yanke a sama da wannan wuri, numfashi ne ke tsayawa. In a ƙasa ne, mutum zai yi numfashi amma ƙafafu, wani lokaci da hannuwa, su mutu. Kai na babban mutum yana kai kilo biyar ko kusa da haka, kuma duk nauyin a kan wannan siririn gini yake.

Mataki na 6: Gaban wuya

Ɗaga haɓa kaɗan. A kwanar da haɓa ta haɗu da wuya, kama a hankali da babban yatsa da manuni, za ka ji wani ƙaramin ƙashi mai lanƙwasa yana motsi dama da hagu. Bai haɗa gaɓa da kowane ƙashi ba, tsokoki ne suka rataye shi, harshe kuma a kansa ya dogara. Ƙasa da shi zakaran wuya ne, guringuntsin da ya kare akwatin murya, ya fi fitowa ga maza. Gangara kaɗan za ka faɗa wani ɗan rami mai taushi, sai wani zobe mai tauri, sai zobban maƙogwaro har zuwa ramin da ke saman ƙashin ƙirji. Hanyar abinci tana bayan hanyar iska, ba ka jin ta da yatsa.

Yanzu kurɓi ruwa kana kallon madubi. Duk abin nan zai haura ya sauko. A gefe biyu na maƙogwaro, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata halitta mai suna tayiroyid, ita ce in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, kuma rashin sinadarin ayodin na cikin manyan dalilansa, abin da ya sa ake matsa wa mutane su sayi gishiri mai ayodin. Ƙa'idar da za ka riƙe: kumburin da ya haura in an haɗiye ruwa yawanci nata ne, wanda ya tsaya cik daga wani wuri yake.

Juya kanka hagu, ka taɓa gefen dama. Wata tsoka za ta miƙe daga dunƙulen bayan kunne ta sauko har saman ƙirji. Ita ce iyakar da likitoci ke raba wuya da ita gida biyu, gaba da baya. Sa yatsu biyu a kwarin da ke tsakaninta da zakaran wuya, za ka ji bugu mai ƙarfi. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce. A nan ake neman bugun zuciyar wanda ya suma, domin na wuyan hannu kan ɓace in jini ya yi ƙasa. Gefe ɗaya kawai ake taɓawa, a hankali, ba murzawa. Danne biyun tare na iya sumar da mutum, musamman tsoho.

Sai ka bi ƙarƙashin muƙamuƙi, bayan kunne, da tsawon tsokar nan, kana neman kaluluwa. Mai taushi, mai zafi, wadda ta zo da ciwon haƙori ko na maƙogwaro takan tafi in ciwon ya tafi. Wadda ta yi makonni ba ta ragu ba, ba zafi, ko ta yi tauri ta ƙi motsi, ko ta zo da rama da zufan dare, a kai ta asibiti, domin tarin fuka yakan zauna a kaluluwar wuya. Kumburin da ya cika gaban kunne da kusurwar muƙamuƙi ga yaro kuwa yawanci hangum ne.

Mataki na 7: Ranar da ka tarar da mutum a kwance

A ce babur ya zubar da mutum a hanyar Mirya ko a bakin Kasuwar Dole. Jama'a sun taru, wani na neman ya zaunar da shi, wani ya kawo ruwa zai ɗura masa. Duk da kyakkyawar niyya suke, amma kai yanzu ka san abin da ke cikin wuyan.

Da farko sa wani ya tare ababen hawa, wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kai kuma ka zo ta inda zai gan ka ba sai ya waiwaya ba, ka ce, “Malam, kada ka motsa kai, ina nan tare da kai. Ka amsa min da baki.” In dattijo ne, “Baba, yi haƙuri, kwanta yadda kake.” Durƙusa ta saman kansa, ka riƙe kan da tafuka biyu a gefen kunnuwa, gwiwar hannunka a ƙasa don kada ka gaji. Riƙewa kawai, ba ja, ba miƙarwa. Ƙashin da ya karye amma bai goce ba yana iya barin laka lafiya, sai ɗagawar gaggawa ta ƙarasa ta. Tambaye shi ko wuyansa na ciwo, ko yana jin yatsun hannu da na ƙafa, ya motsa su ka gani. Wanda ya suma, ko ya rikice, ko ya sha wani abu, ka ɗauka wuyansa ya karye har sai hoto ya nuna akasin haka.

In ba ya magana, duba ƙirji ko yana hawa da sauka. In yana minshari mai nauyi, harshe ne ya koma baya. Sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi gefe biyu ka tura shi gaba, harshe zai biyo, ba tare da ka lanƙwasa wuya ba. In amai ya taso, dole a juya shi gefe, amma gaba ɗaya: kai riƙe da kai kana ba da umarni, mutum biyu ko uku riƙe da kafaɗa, ƙugu da ƙafafu, hanci yana daidai da cibiya har a gama. Hular kwano a bar ta a kansa, sai in ta hana numfashi, sannan mutum biyu su cire, ɗaya riƙe da wuya. Ba a ba shi ruwa ko fura, don yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata na jiransa.

Fatar kai tana da jini da yawa, ƙaramin yanka sai ya jiƙe riga, kada ya firgita ka. Danna da tsumma mai tsabta. In ka ji ƙashin ya lotsa ƙarƙashin raunin, danna gefe-gefe, ba tsakiya ba. Jini ko ruwa garai da ke fita ta kunne ko hanci kada a toshe shi da auduga. Ruwan da ƙwaƙwalwa ke iyo cikinsa ne ke iya yoyowa in gindin kwanon ya tsage, ta wajen ƙashin kunne ko ta rufin etmoyid mai hujin nan. Saboda wannan dalili ma'aikacin jinya ba ya zura robar ciki ta hancin irin wannan majinyaci. Baƙin da ya zagaye idanu biyu ko ya fito bayan kunne daga baya shi ma alamar wannan karaya ce.

In babu motar asibiti, a ɗora shi kan ƙyaure ko katako mai faɗi, a tare gefen kai da zane naɗaɗɗe, a kwantar da shi a bayan mota. Ba a goya shi a babur. Masu ɗori suna da gwanintarsu a hannu da ƙafa, amma wuya ba wurin ja ko murɗawa ba ne, Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko asibitin da ya fi kusa za a nufa. Da isa, ka gaya wa ma'aikata ƙarfe nawa abin ya faru, ko ya suma da tsawon suman, ko ya yi amai, da ko yana motsa ƙafafu lokacin da ka same shi.

Wanda aka sallama ya koma gida, a sa masa ido kwana biyu. Farasitamol ya isa don ciwon kai, a guji asfirin saboda yana tsinka jini. Amai da ya maimaita, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashe shi, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa ɗaya, ko magana da ta karkace, kowanne ɗaya ya isa a koma asibiti ko da tsakar dare ne. Tsofaffi kuwa jininsu kan taru a hankali ƙarƙashin tantanin, sai bayan makonni a ga Baba ya fara mantuwa ko jan ƙafa, saboda haka in an kai shi a tuna wa likita faɗuwar, ko da ta watan jiya ce.